"Ai bakwaini ne, sai haƙuri": muhawara a zauren iyaye da malaman yara

Malama Rabi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. Ina koyar da 'yan shekara uku zuwa biyar. Duk sanda na kira uwa mu tattauna a kan ɗanta, kafin in rufe baki ta ɗauko mini amsa daga ɗakin haihuwa. Wanda ba ya zama wuri ɗaya: "Ai bakwaini ne Malama, sai haƙuri." Mai dukan yara: "Ta tiyata aka ciro shi, ba su da tausayi." Mai raki: "Auta ce." Wadda ba ta shiga cikin yara: "Da cikinta aka rabu da babanta." Har abokan aikina sun ɗauka, in sabon yaro ya zo sai ka ji ana tambayar yadda aka haife shi. Ni na kasa gane inda gaskiya ta tsaya da inda camfi ya fara. Ma'aikatan asibiti da iyaye da ke nan, don Allah a warware mana.

Gambo Mai Shayi: Wa alaikumus salam. Malama kin tsallake mu. Ni tun da na yi wayo duk ɓarnar da aka yi a gidanmu tawa ce, wai Gambo ya fi tagwaye hatsabibanci tunda shi ya koro su. Hassan da Husaini su fasa randa, ni a zane ni. Da na ga ko na yi ko ban yi ba bulala tana nan, sai na fara yi.

Maman Walid: Gambo Allah ya shirye ka. Malama, ni ba zan ce duka camfi ne ba. Walid a wata bakwai na haife shi, ko kilo ɗaya da rabi bai kai ba, ya daɗe a kwalba. Yayyensa sun cika wata tara, kuma wallahi akwai bambanci. Bai zauna da wuri ba, bai yi tafiya da wuri ba, magana ma sai da muka fara tsorata. Yanzu shekararsa huɗu, baki ya buɗe har ya so ya yi yawa, amma ƙara kaɗan ke firgita shi. In maƙwabta suka tada injin markaɗe sai ya toshe kunne ya ruga ɗaki. Kuma in kika ba shi aike biyu, ɗaya zai riƙe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce bakwaini mugunta gare su. Yarona ko yatsa kika sa masa a baki ba zai ciza ba.

Sista Talatu: Abin da Maman Walid ta faɗa shi muke gani a ɗakin jarirai. A wurinmu duk wanda ya zo kafin sati 37 bakwaini ne, ko da wata takwas ne da 'yan kwanaki. Kuma suna da yawa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta miliyan 13.4 a shekarar 2020 kaɗai, kusan ɗaya cikin kowane jarirai goma. Watanni ukun ƙarshe na ciki su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke girma da gaggawa, a sati 34 nauyinta kusan kashi biyu cikin uku ne na wadda ta cika wata tara. To wanda ya fito da wuri, a waje zai ƙarasa, cikin hasken fitila da ƙarar na'urori da allurai, nesa da jikin uwarsa. Shi ya sa waɗanda suka zo kafin sati 32 aka fi samunsu da raunin mai da hankali, da saurin firgita, da noƙewa cikin yara. Na ce an fi samu, ban ce dole ba. Da yawa suna tashi ba ka bambance su da kowa. Faɗa da cin zalin yara kuwa ba ya cikin abin da aka san su da shi.

Sannan iyaye ku riƙe wannan: har yaro ya kai shekara biyu, ana cire watannin da bai cika ba kafin a gwada shi da sa'o'insa. Wanda aka haifa a wata bakwai, in ya yi wata takwas a duniya, ɗan wata shida ne a lissafinmu. Sau tari ana cewa yaro ya makara alhali lissafin ne aka yi ba daidai ba.

Kawu Idi: Ni fa duk wannan dogon Turanci ne. Hali zanen dutse. 'Ya'yana uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya suka ci, wani ya fito salihi, wani ya fito sai addu'a. Da halinsa ake haihuwar mutum. Ba ruwan wata bakwai ko tara, ba kuma ruwan reno.

Malam Bashir: Kawu, Allah ya ƙara girma. Rabin maganarka na karɓa. Tun a zanin goyo wani jariri mai sanyi ne, wani mai rigima, kuma gado yana da hannu a ciki. Amma "ba ruwan reno" ɗin nan ba zan bar maka shi ba.

Akwai binciken da nake yawan kawo wa ɗalibaina a kwalejin horon malamai. Wata masaniya, Emmy Werner, da abokan aikinta sun ɗauki duk yaran da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawayi ta Amurka a 1955, su 698, suka bi su tun daga ciki har suka kai shekara 40. Sun rubuta wanda ya sha wahalar haihuwa da wanda ya zo lafiya, sun rubuta halin gidan kowa. Abin da ya fito shi ne, in ka cire waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta samu mummunan rauni, wahalar haihuwa ba ta cika barin tabo mai ɗorewa ba sai in ta haɗu da talauci mai tsanani, ko gida mai rikici, ko uwa da uba marasa lafiyar tunani. Har cikin yaran da komai ya haɗe musu, kusan kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, da aikinsu da iyalinsu. Da aka duba, kusan kowannensu ya samu wani mutum ɗaya da ya riƙe shi da gaske tun yana ƙarami. Wani kaka ce, wani yaya, wani goggo.

To Malama Rabi, amsar da zan ba ki ke nan: haihuwa tana iya ba yaro rauni, amma ko raunin zai warke ko zai zama halinsa, wannan a gida ake yanke shi.

Kawu Idi: Malam Bashir, mutanen wani tsibiri da ban taɓa jin sunansa ba za ka kawo mini hujja da su a kan 'ya'yan da na haifa? To waɗancan kashi biyun da ba su gyaru ba fa, ba su da kakanni ne?

Malam Bashir: Tambaya ce mai kyau Kawu. Da yawa daga cikinsu sun daidaita daga baya, bayan sun wuce shekara talatin, wasu ta aure nagari, wasu ta komawa karatu, wasu ta riƙo da addini. Zanen dutse ba ya yin haka.

Ummu Hanan: Ni maganar tiyatar nan ce ke ƙona mini rai. Har yau uwar mijina cewa take ban san zafin haihuwa ba, shi ya sa wai ba shaƙuwa tsakanina da Hanan. Yarinyar da ko banɗaki na shiga tana bakin ƙofa. In ta yi ƙiwa a ce 'yar tiyata ce, in ɗan kishiyata ya yi irinta a ce yarinta ce.

Malam Bashir: Ummu Hanan ki kwantar da hankalinki. An taɓa ganin alamar cewa yaran tiyata sun ɗan fi samun wasu matsalolin ƙwaƙwalwa, aka yi ta yaɗawa. Sai masu bincike a Suwidin suka duba bayanan yara sama da miliyan biyu, suka wallafa a 2015. Da suka gwada wa da ƙani 'yan ɗaki ɗaya, ɗaya ta tiyata ɗaya da kansa, sai bambancin ya ɓace. Wato ba wuƙar likita ba ce, abin da ke cikin dangi ne ko dalilin da ya sa aka yi aikin tun farko.

Sista Talatu: In ƙara da abin da ya fi damuna. Muna nan muna tsoron tiyata, alhali abin tsoron shi ne ƙin ta. Mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida, a kawo ta, likita ya ce aiki, miji ya ce sai ya kira yayansa, yaya ya ce a jira rubutu. Kafin a sa hannu jariri ya galabaita, ya fito bai yi kuka ba, iska ba ta isa ƙwaƙwalwa ba. Wannan shi ne yanayin haihuwar da ke canza rayuwar yaro da gaske: farfaɗiya, sanƙarewar gaɓoɓi, rashin riƙe wuya.

Na biyu ciwon shawara. Jarirai da yawa suna yin 'yar rawaya ta wuce. Amma in ta yi yawa tana hawa ƙwaƙwalwa, ta kashe ji, ta bar yaro ba ya iya sarrafa jikinsa, kuma ba ta komawa baya. A nan ƙasar akwai yara da yawa, musamman maza, masu ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD. Irinsu ko kafur ɗin da muke zubawa a akwatin kayan jariri ya isa ya farfasa musu jini. Sai a yi ta shanya yaro a hantsi ana ɗura masa ruwan gulukos har kwanaki su tafi, alhali fitila mai shuɗin haske a asibiti ta ishe shi in an zo da wuri. Bayan shekara biyu yaro ba ya zama, sai a ce ɗan ruwa ne. Ba ɗan ruwa ba ne wallahi, namu ne, mu muka makara.

Malama Rabi: Sista kin sa jikina ya yi sanyi. Akwai wanda muke ce wa mai kunnen ƙashi a ajina, sai an daka masa tsawa yake juyowa, maganarsa kuma ba ta fita sosai. Gobe in sha Allah zan ce uwarsa ta kai shi a duba kunnensa.

Hajiya Yaya: Sannunku 'yan boko. Mu a zamaninmu ba kwalba ba komai. In aka haifi bakwaini a cikin auduga ake naɗe shi, a rufe ɗaki, a ajiye kaskon garwashi, ba mai ganinsa sai uwar da ungozoma. Wasu sun rayu, ga su nan da jikoki. Wasu kuma Allah ya karɓi abinsa.

Sista Talatu: Hajiya, ranki ya daɗe, ɗumin da kuke nema daidai ne, garwashin ne matsala saboda hayaƙi. Yanzu ma an dawo kusa da naku. A 1978 a Bogota ta ƙasar Kolambiya, wani likita, Edgar Rey, ya rasa isassun kwalabe, sai ya sa iyaye mata su ɗaura jariran a ƙirji, fata da fata, dare da rana, suna ba su nono. Shi ake ce wa renon kangaru. A 2021 aka wallafa wani gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, har da asibitin koyarwa na Ile-Ife da na Kumasi, a kan jariran da ba su kai kilo 1.8 ba. Waɗanda aka ɗora wa uwa nan take, ba a jira sun murmure a kwalba ba, mutuwarsu ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Su kuma 'yan Kolambiya sun koma sun nemo yaransu bayan shekara ashirin, suka tarar waɗanda aka yi wa renon ƙirji sun fi sauran natsuwa, ba su kai su faɗa da rawar kai ba. Kuma ba sai uwa ba. Uba yana yi, kaka tana yi.

Gambo Mai Shayi: Uba ya ɗaura jariri a ƙirji da zani? Sista so kike a daina gaishe mu a majalisa.

Abu Sadiq: Ni akwai wanda ba a taɓo ba, kuma shi ya fi kowanne yawa a ƙasar Hausa: ɗan fari. Ni ne na fari a ɗakinmu. Mahaifiyata, Allah ya ƙara mata lafiya, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron." Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata. In na zo gida in ga ƙannena a kan cinyarta, ni in na matso ta kau da kai ta ce in je waje in yi wasa. Na san kunya ce, yanzu na sani. Amma yaro ɗan shekara huɗu bai san kunya ba, abin da ya sani shi ne wannan matar tana son waɗancan ba ta son shi. Yau da gemuna da 'ya'yana, in na zauna da ita gaisuwa ce kawai sai shiru. Ƙanina kuwa har tsokanarta yake.

Hajiya Yaya: Ɗana Abu Sadiq, ka yi wa mahaifiyarka adalci. Shekararta nawa ta haife ka? Ni sha biyar gare ni. Yarinya ce a gidan surukai, idon kowa a kanta, in ta ɗauki ɗa ta yi masa wasa a ce ba ta da kunya, a yi ta yi da ita har a gidan suna. Kana tsammanin ba ta so? Ni nawa na fari da dare nake jawo shi in kowa ya yi barci, in yi ta kallonsa. Kuma al'adar ba ta yar da ɗa ba. Ta cire shi daga hannun yarinyar da ba ta san komai ba ta miƙa wa wadda ta reni takwas. Ɗan fari ai shi ne ɗan gatan kaka, shi ake ɓoye wa ƙosai, shi ba a duka. Ku 'yan yanzu kuna ɗaki ɗaya daga ke sai miji sai waya, yaro na kuka kina kuka, wa ya fi wani?

Abu Sadiq: Hajiya ban musa ba, gata na sha shi wurin kakata, Allah ya jiƙanta. Amma ta rasu ina shekara shida, aka mai da ni gidan da nake baƙo a cikinsa. Wanda ya tsara al'adar bai yi lissafin kaka tana mutuwa ba.

Malam Bashir: Nan kam ku biyun kowa da gaskiyarsa. Abin da aka tabbatar shi ne jariri yana buƙatar mutum tsayayye da zai amsa kukansa, ya dube shi, ya yi masa gwalan-gwalan, kuma ya zama shi ne dai gobe da jibi. Ba a ce lallai sai wadda ta haife shi ba. An ga ƙarshen rashin haka a Romaniya. Gwamnatin Ceausescu ta hana zubar da ciki a 1966 don jama'a su yawaita, talauci ya sa aka cika gidajen marayu da yara. Da gwamnatin ta faɗi a 1989 aka tarar da sama da dubu ɗari, jarirai jere a gadaje, ana ba su abinci amma ba mai ɗaukarsu. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara, Michael Rutter, ya bi 165 da iyalai a Ingila suka ɗauka. Waɗanda aka fitar kafin su cika wata shida sun taso kamar kowa. Cikin waɗanda suka daɗe kuwa, da yawa sun kasa mai da hankali, ga bin duk baƙon da suka gani kamar sun san shi, wasu har girmansu.

Riƙon kaka bai yi kama da wannan ba ko kusa, Hajiya ta yi gaskiya. Inda nake tare da Abu Sadiq shi ne yawan sauya hannu. Yau uwa, gobe kaka, jibi goggo ta ce a ba ta, an yi saki a mai da shi wurin kishiyar uwa. Duk sauyi ɗaya yaro sai ya sake koyon wa zai dogara da shi.

Ummu Aisha Maraɗi: Ku haɗa da yaye. Nan wajenmu in mace ta yi kwanika, ran da aka gane ran nan za a cire yaro daga nono, wai ya zama guba. A shafa maɗaci, a ɗauke shi a kai wani gari. Jiya yana bayan uwarsa, yau babu nono babu uwa. In ya dawo ya tarar da wani a wurinsa, ya fara cizo da fitsarin kwance, sai a ce kishi gare shi tun yana ƙarami. Haihuwar ƙaninsa ce ta taɓa shi, ba tasa ba.

Sista Talatu: Kuma nonon mai ciki ba guba ba ne. In cikin lafiyayye ne tana iya ci gaba da shayarwa, a janye a hankali.

Ustaz Nura: Allah ya saka wa kowa. Abu biyu zan ƙara. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana ciki mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta rasu yana shekara shida, kakansa yana takwas. Amma a kowane mataki akwai mai riƙe shi da ƙauna: Halimatus Sa'adiyya, Ummu Aimana, Abdulmuɗɗalib, Abu Ɗalib. Don haka wanda ke kallon maraya ko wanda aka haifa bayan saki a matsayin mai ƙashin tsiya ya binciki kansa. Na biyu, hadisi ya inganta cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Kunyar ɗan fari al'ada ce, Hajiya ki gafarce ni, ba addini ba ce. Haka wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba: hukuncin gado da nasaba daban, amma babu inda aka halatta a goranta masa, ko a hana 'ya'ya wasa da shi. Ba shi ya yi laifin ba.

Hajiya Yaya: Allah ya gafarta Malam, ni ban ce addini ba ce. Na ce a daina zagin iyayenmu.

Baban Zango Kumasi: Maganar Gambo ta farko kun yi dariya kun wuce, alhali ita ce babba. Nan maƙwabtanmu Asante suna sa wa yaro sunan ranar da aka haife shi, kamar yadda muke da Ɗanladi da Balarabe. Sun yi imani Kwadwo, ɗan Litinin, mai sanyi ne, Kwaku, ɗan Laraba, mafaɗaci ne. Wani malami, Gustav Jahoda, ya je ya duba takardun kotun yara, ya wallafa a 1954. Sai ga 'yan Litinin sun yi ƙaranci a cikin masu laifi, 'yan Laraba kuma sun yi yawa a laifin duka da faɗa. Ranar Laraba ba ta da wani sinadari. Abin da aka yi ta faɗa wa yaro ne tun yana rarrafe. Mu kuma dubi namu: Talle wanda uwarsa ta rasu, Audi wanda bai tarar da ubansa ba, Ajuji 'yar wabi. Duk kiran da za a yi masa sai an tuna masa.

Malam Bashir: Tsohon bincike ne kuma ƙarami, kada mu ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, amma ya dace da abin da malamai ke gani a aji. Batun fari da auta ma an gwada a 2015 da mutane sama da dubu ashirin a Jamus da Birtaniya da Amurka. Na fari sun ɗan ɗara kaɗan a gwajin basira, a hali kuwa ba a ga komai ba. Sai dai can ba sa kunyar ɗan fari, ba sa kuma shagwaɓa auta irin tamu, don haka ban ce ya rufe maganar Abu Sadiq ba.

Anti Bilki (mai kula da zaure): Wata 'yar uwa ta turo ta sirri, ta ce a ɓoye sunanta: "Na haihu wata uku da suka wuce bayan wahala sosai. Tun daga nan ba na jin komai game da yarinyar. Ina ba ta nono, ina yi mata wanka, amma kamar 'yar wani. In ta yi kuka ni ma kuka nake, ba na barci ko ta yi barci. Ina tsoron in faɗa a ce ba ni da imani. Da na karanta maganar Malam Bashir sai na ji kamar na riga na lalata ta."

Maman Walid: 'Yar uwa ba ki lalata komai ba. Ni ma da Walid yana kwalba tsoron son shi nake, kada in saba ya tafi. Sai daga baya abin ya zo.

Kawu Idi: A nemi malami ya yi mata ruƙiyya. Jego lokaci ne na iska.

Sista Talatu: Kawu a yi addu'a, amma a haɗa da asibiti. 'Yar uwa, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma sananne ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na samun irin wannan bayan ta haihu. Ba rashin imani ba ne, kuma yana jin magani, akwai ma magungunan da mai shayarwa ke sha. Ki je inda kika yi awo ki faɗa wa nas ko likita kamar yadda kika rubuta nan. In kika taɓa jin kamar ki cutar da kanki ko ita, ranar za ki je, kada ki kwana. Kafin nan ki samu wadda za ta zauna da ke, ta ɗauki yarinyar ta yi mata wasa ke ki yi barci. Wata uku ba a makara ba.

Hajiya Yaya: To kun gani. Wankan gida da kuka raina amfaninsa ke nan. Kwana arba'in ba girki ba shara, uwarki na kanki, ko fuskarki ta canza ta gani. Ɗiyata in kina da uwa ko yaya ki tafi gida, ba abin kunya ba ne.

Sista Talatu: Wannan kam na sa hannu Hajiya. A rage kanwa a kunu dai da kwanciya kan gadon wuta, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego.

Hajiya Yaya: Ke dai ba kya bari a gama cin nasara.

Baban Amira: Salam, ku yi haƙuri yanzu na shigo na karanta daga sama. Sista, matata ta haihu shekaranjiya a gida, namiji. Tun jiya na ga idonsa ya yi rawaya, yau har ƙirjinsa, kuma ba ya kama nono sosai, barci kawai yake. An ce mu riƙa fitar da shi hantsi. Kayansa ma a cikin kafur suke tun da aka saya.

Sista Talatu: Baban Amira yau za ku kai shi, yanzu, ba gobe ba. Asibitin da ke da ɗakin jarirai, ka ce a auna shawara a jininsa. Ku cire masa duk kayan da suka ji kafur, ku naɗe shi a wani zanin wankakke. Uwar ta yi ta gwada ba shi nono a hanya, kada a ba shi ruwa ko jiƙo.

Baban Amira: Matsalar Hajiyarmu ce, ta ce ba a fita da jariri kafin suna.

Hajiya Yaya: Ka nemi abin hawa tukuna. Ka kira ni ta sirri ka miƙa mata wayar, ni zan yi mata magana, tsohuwa da tsohuwa.